Tsare Masu Fyaɗe Bayan Sun Gama Wa'adi: Shin Ma'aunin Likitoci Abin Dogara Ne?

A watan Maris na 2025 Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya fitar da wani rahoto da ya tayar da hankalin duk wani mai imani, inda ya bayyana cewa daga farkon 2024 zuwa lokacin an rubuta rahoton fyaɗe har 221 da aka yi wa yara a jihohi 9 na Sudan, 16 daga cikinsu ba su kai shekara 5 ba, 4 kuwa 'yan shekara ɗaya ne kacal. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ga ma'aikatan agaji, ban da waɗanda kunya da tsoro suka sa iyaye suka binne maganar. Idan mai karatu bai manta ba, 'yan kwanaki bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilun 2023, ƙofofin manyan gidajen yari irin su Kobar da Alhuda sun buɗe, dubban fursunoni suka fantsama cikin gari, babu wanda ya tsaya tantance mai ƙaramin laifi da mai babba.

Gadarif ta ɗanɗana wannan hali ta wata fuska. Tun kafin yaƙin, jihar na ɗauke da 'yan gudun hijirar Tigray a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba, sai kuma faɗuwar Madani a Disambar 2023 da hare-haren gabashin Jazira a Oktoban 2024 suka sake kwararo mata da jama'a, makarantu da gidajen 'yan'uwa suka cika maƙil. Ɗan kasuwar da ke barin iyalinsa mako biyu ko uku yana tsakanin kasuwar amfanin gona ta Gadarif da Galabat da Matama, ga 'ya'yansa mata na zuwa talla, ga baƙin fuskoki a kowane lungu, dole zuciyarsa ta riƙa ɗar-ɗar. Shi ya sa duk inda aka tayar da zancen masu lalata yara a rumfa ko a majalisa, amsar ba ta wuce uku: a kashe, a dandaƙe, ko a kulle har abada.

To amma akwai wata tambaya da ba kasafai ake tsayawa a kanta ba. Mutumin da kotu ta ɗaure, ya yi shekarunsa cif-cif, ranar fitarsa ta zo, alhali ana kyautata zaton zai sake, yaya za a yi da shi? Wasu ƙasashe sun ce a ci gaba da tsare shi da sunan jinya, muddin ƙwararru suka auna shi suka tabbatar yana da haɗari. Shawarar tana da daɗin ji, kuma duk ranar da aka zauna gyaran dokokinmu za a samu masu kawo ta. Saboda haka ya kamata mu duba ma'aunin tun kafin ya iso mana, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da dokokinmu suka tanada

A Sudan, Dokar Yara ta 2010 ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 20 tare da tara ga wanda ya yi wa yaro fyaɗe. A 2015 aka gyara sashe na 149 na Dokar Laifuka ta 1991 domin a raba fyaɗe da zina, saboda a da macen da ta kai ƙara ta kasa kawo hujja tana iya komawa ita ce abar tuhuma. Ita dai wannan doka ta 1991 ta ce babu laifi a kan wanda hauka ta gusar masa da hankali lokacin da ya aikata abin, ta kuma ba kotu ikon tura shi asibitin masu taɓin hankali ko ta danƙa shi ga waliyyinsa.

A Nijeriya kuwa, a Yunin 2020 'yan sanda a Kano suka kama wani mutum a Kwanar Ɗangora bisa zargin yi wa mata kusan 40 fyaɗe cikin shekara guda, a watan ne kuma gwamnonin ƙasar suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe. A Satumbar wannan shekara Gwamna Nasiru El-Rufa'i na Kaduna ya sa hannu kan dokar da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe. Kafin nan, a Nuwambar 2019, hukumar NAPTIP ta buɗe rajistar sunayen masu irin wannan laifi ta ƙasa baki ɗaya.

Wani abin lura shi ne, duk waɗannan dokoki sun san mutum biyu ne kawai: mai hankalin da ya yi laifi a hukunta shi, da mahaukacin da ya yi ɓarna a kai shi asibiti. Mutum na uku, wanda hankalinsa garau yake, ya san abin da yake yi, amma zuciyarsa ta ƙeƙashe, da zarar ya gama wa'adinsa sai ya kama gabansa. Wannan giɓi ne Amurkawa suka yi ƙoƙarin toshewa.

Hanyar da Amurka ta bi

Maganar ta faro ne a jihar Washinton. A 1989 wani mai suna Earl Shriner ya yi wa wani yaro ɗan shekara 7 fyaɗe a birnin Takoma, ya yi masa mummunan rauni ya bar shi a matsayin matacce. Abin da ya fi ƙona wa jama'a rai shi ne, shekara 2 kafin nan aka sake shi bayan ya yi shekara 10 a kurkuku, kuma ma'aikatan gidan yarin sun san yana ƙulla yadda zai azabtar da yara, sun nemi a tsare shi a ƙarƙashin dokar masu taɓin hankali, abin bai yiwu ba. A 1990 majalisar jihar ta yi dokar da ta ba da damar kai irin wannan mutum gaban kotu a karo na biyu, ba don sabon laifi ba, sai don a tabbatar yana da wata tawaya a hali ko a ƙwaƙwalwa da za ta sa ya sake, daga nan a ajiye shi a wata cibiya ba tare da ranar fita ba.

Jihar Kansas ta yi irin tata a 1994, mutumin farko da ta faɗa wa shi ne Leroy Hendricks, wanda ya daɗe yana lalata yara, ya kuma faɗa da bakinsa cewa mutuwa ce kaɗai za ta tabbatar ya daina. A 1997 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, domin a ganinta wannan jinya ce ba horo na biyu ba. A 2002 ta ƙara sharaɗin cewa sai an nuna mutumin yana da matuƙar wahalar danne sha'awarsa. Jihohi 20 da gwamnatin tarayya suna da irin wannan doka, kuma ƙididdigar da aka yi a 2020 ta nuna mutane sama da 6,000 ne ke tsare a ƙarƙashinta.

Tunda babu sabon laifi, babu shaidun gani da ido, duk nauyin shari'ar ya koma wuyan ƙwararru, wato likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam. Su kuma suna zuwa kotu ne da maki a hannu.

Yadda ake auna ƙeƙashewar zuciya

Abin da masana ke kira saikofati, mu ce ƙeƙashewar zuciya, ba hauka ba ce. Hali ne na mutumin da ba ya nadama, ba ya tausayi, ƙarya ba ta yi masa nauyi, kuma yana iya yaudarar mutane da murmushi. Ma'aunin da ya fi shahara wajen gane shi ana kiransa PCL-R, wanda wani masani ɗan Kanada, Robert Hare, ya wallafa a 1991, ya sake fitar da shi da gyara a 2003. Yana da siffofi 20, daga ciki akwai zaƙin baki, ɗaukar kai da girma, yawan ƙarya, damfara, rashin nadama, rashin tausayi, cima-zaune, saurin fushi, rashin ɗaukar nauyi, yawan aure da saki, laifuka tun ana yaro, da taɓa laifuka iri-iri. Ƙwararre zai zauna da mutum ya yi masa tambayoyi, ya karanta fayil ɗinsa na kotu da kurkuku, sannan ya ba kowace siffa maki 0 ko 1 ko 2. Jimilla 40 ke nan. A Amurka da Kanada wanda ya kai 30 shi ake kira mai ƙeƙasasshiyar zuciya, a Birtaniya akan tsaya a 25, matsakaicin fursuna namiji a Arewacin Amurka kuwa yana samun kusan 22.

Littafin da ke koyar da ma'aunin ya nuna cewa idan masu bincike da suka samu horo suka auna mutum ɗaya, sukan yi kusa da juna ƙwarai, kuskuren awon bai wuce kusan maki 3 ba. Da wannan shaida ya shiga kotuna. A jihar Teksas ma dokar 1999 ta wajabta a yi wa mutum gwajin ƙeƙashewar zuciya kafin a nemi tsare shi.

Da aka auna ma'aunin

Kowane ɗan kasuwa ya san sikelin da ya yi daidai a shagon mai sayar da shi, ba lallai ya yi daidai a bakin kasuwa ba. Wasu masana biyu, Daniel Murrie da Marcus Boccaccini, su ne suka ɗauki ɗawainiyar duba yadda ma'aunin ke aiki a ainihin shari'a. A 2008 suka wallafa binciken shari'u 23 na Teksas inda ƙwararren gwamnati da ƙwararren lauyan wanda ake ƙara suka auna mutum ɗaya. Matsakaicin makin ɓangaren gwamnati ya kai kusan 26, na ɓangaren kariya kusan 18, tazarar kusan maki 8 ke nan. A duba abin da wannan ke nufi: mutum guda, fayil guda, amma a hannun wannan ya zarce matsakaicin fursuna har ya haye layin Birtaniya, a hannun wancan kuma bai ko kai matsakaicin fursuna ba. Masana suna auna daidaiton masu awo da lamba daga 0 zuwa 1, inda 1 ke nufin cikakkiyar yarjejeniya. A littafin ma'aunin lambar ta haura 0.80, a waɗannan shari'u ta faɗo 0.39.

Wani zai ce ai laifin lauyoyi ne, kowa ya je ya zaɓo ƙwararren da zai faɗi abin da yake so. Sai dai wani binciken da suka fitar a shekarar ya duba mutane 321 da ƙwararru 20 suka auna, dukkansu gwamnati ce ta ɗauke su aiki. Aka gano fiye da kashi 30 cikin 100 na bambancin maki ya samo asali ne daga wanda ya yi awon, ba daga wanda aka auna ba. Biyu daga cikin waɗanda suka fi yawan aiki, matsakaicin makinsu ya bambanta da kusan 10. Wato wani hannunsa nauyi gare shi, wani kuma sauƙi, makomar mutum ta dogara da ƙofar da aka shigar da shi.

A 2013 suka yi gwajin da ya rufe bakin masu musu. Suka gayyaci ƙwararru 108, aka biya su kuɗin aiki, wani lauya ya gana da su na 'yan mintuna, aka sa wasu suka ɗauka masu gabatar da ƙara suke yi wa aiki, wasu kuma suka ɗauka ɓangaren kariya ne. Fayil 4 iri ɗaya aka ba kowa, kuma ƙuri'a ce ta raba su, ba lauya ne ya zaɓa ba. Duk da haka waɗanda suka zaci na gwamnati ne suka ba da maki mai yawa, ɗaya ɓangaren suka ba da kaɗan. Babu wanda aka ba cin hanci, babu wanda aka ce ya yi ƙarya. Hausawa sun riga sun faɗa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma sau da yawa mai askin bai san hannunsa ya karkata ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da hango wannan, shi ya sa ba su karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita.

Abin bai tsaya a Teksas ba. Binciken da aka wallafa a 2012 kan jihar Fulorida ya samu daidaiton 0.60 ga PCL-R, alhali wani ma'aunin mai suna Static-99 ya samu 0.78. Dalilin bambancin a fili yake. Shi Static-99 abubuwan da ke rubuce yake ƙirgawa, kamar shekarun mutum, sau nawa aka taɓa kama shi, wanda ya cutar ɗan'uwansa ne ko baƙo, namiji ne ko mace. Shi kuwa PCL-R rabinsa karatun zuciya ne. Sau nawa aka ɗaure mutum, wannan kowa zai ƙirga ya samu amsa ɗaya. Amma hawayen da ya zubar na nadama ne ko na makirci, nan kowa da ganinsa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, sai dai an kuma ce mugu ba shi da kama.

Saura babbar tambaya: ko makin yana hango wanda zai sake? A 2012 Murrie da abokan aikinsa suka bi sawun mutane 333 da aka auna a Teksas aka sake su, suka tarar makin da ƙwararrun suka bayar bai fi canki-canka da wani abin kirki ba wajen nuna wanda zai sake laifin fyaɗe. Ɗan abin da ya yi amfani shi ne sashen da ke ƙirga tarihin laifuka da rashin ɗa'a, wato abin da tun farko yana cikin fayil.

Kuskure ta kowane ɓangare

Adalci shi ne a saurari masu goyon bayan dokar. Za su ce Shriner gaskiya ne, yaron da ya lalata gaskiya ne, kuma idan za a yi kuskure gara a yi shi a kan mai laifi da a yi shi a kan yaro. Za su ƙara da cewa alƙaluman sake aikata laifi ba sa nuna komai da komai, tunda yawancin fyaɗe ba ya zuwa gaban hukuma. Duk wannan haka yake.

Amma a duba ɗaya gefen. Wani bincike da masanan Kanada, Andrew Harris da Karl Hanson, suka fitar a 2004 kan mutane sama da 4,700 ya nuna kashi 14 cikin 100 ne aka sake tuhuma ko kamawa da irin laifin cikin shekara 5, kashi 20 cikin shekara 10, kashi 24 cikin shekara 15. Ke nan masu sakewa 'yan tsiraru ne a cikin taro, aikin ma'auni shi ne ya tsamo su. Idan ma'aunin ya karkace, ɓarna biyu ake yi a lokaci guda: a kulle wanda da ba zai sake ba, a kuma buɗe wa mugun da ya iya bakinsa ya samu mai awo mai sauƙin hannu. Yaron da ake son karewa bai tsira ba ke nan.

Ga kuma tsada da rashin mafita. A jihar Minesota, mai binciken kuɗi na majalisa ya bayyana a 2011 cewa kowane mutum ɗaya yana cin kusan dala 120,000 a shekara. A Yunin 2015, lokacin da waɗanda ke tsare suka haura 700, Alƙali Donovan Frank ya yanke cewa tsarin ya saɓa wa tsarin mulki, ganin cewa a cikin kusan shekara 20 babu ko mutum ɗaya da aka sallama gaba ɗaya. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin nasa a 2017, amma tambayar da ya tayar ba ta mutu ba: wace irin jinya ce ba a warkewa? A Jamus ma, inda ake da tsarin tsare masu haɗari bayan wa'adi, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta taka wa gwamnati burki a 2009, kotun tsarin mulkin ƙasar ta umarci a sake fasalin abin a 2011.

Idan ma'aunin ya tsallako iyaka

An gina PCL-R ne da Turanci, a kan fursunonin Kanada da Amurka. Ko a can, a 2018 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke a shari'ar Jeffrey Ewert, wani fursuna daga 'yan asalin ƙasar, cewa hukumar gidajen yari ta saɓa doka da ta ci gaba da amfani da wannan ma'auni da wasu irinsa a kan 'yan asalin ƙasa ba tare da ta tabbatar suna aiki a kansu ba. Idan haka ta faru a ƙasar da aka haifi ma'aunin, ina ga Gadarif ko Kano?

Ba wai babu masu ƙeƙasasshiyar zuciya a cikinmu ba ne. Tun a 1976 wata masaniya, Jane Murphy, ta rubuta cewa Yarabawan yankin Abekuta suna da kalmarsu ta irin wannan mutum, kuma masu maganinsu ba su ɗauke shi mahaukaci ko mai warkewa ba. Mu ma muna cewa wane ba shi da imani, hali zanen dutse. Matsalar tana wajen alamomin. Zaƙin baki jarin dillali ne. Aure da saki ya yawaita a cikinmu saboda dalilai da dama da ba su shafi mugunta ba. Saurayin da ke zaune gidan yayansa yana ci yana sha bayan yaƙi ya cinye sana'arsa, mai awo zai iya rubuta shi cima-zaune. Ɗan ci-ranin da ke yawo daga gonar riɗi zuwa gonar dawa, daga damina zuwa kaka, za a ce ba shi da tsayayyen buri. Bahaushen da aka tarbiyyantar kada ya kalli babba ido cikin ido, kada ya yi kuka gaban baƙo, za a iya karanta kunyarsa da dauriyarsa a matsayin rashin nadama. Balle a ce da Larabci ake tambayarsa ta bakin tafinta.

Bugu da ƙari, ƙa'idar ma'aunin ita ce ba a ba da maki da hira kaɗai, dole sai da fayil mai ƙwari. Ina fayil ɗin yake a ƙasar da aka ƙona ofisoshin 'yan sanda da kotuna, ko a kan iyakar da mutum zai yi ɓarna a Galabat ya kwana a Matama da sabon suna? Sannan su wa za su yi awon? Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Sudan, irin su Tijjani Almahi a Umdurman da Taha Ba'ashar a Bahri, suna yankin Khartum ne inda yaƙin 2023 ya fara. Nijeriya kuwa, a ƙididdigar 2019, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba ga mutane kusan miliyan 200. Likitocin Dawanau da Barnawa da Kware marasa lafiyar da ke gabansu ma sun ishe su.

Kada kuma a manta, mun taɓa ganin inda tsarewa marar wa'adi ke kaiwa. A ƙarƙashin tsohuwar dokar mahaukata da Turawa suka kafa a Nijeriya a 1916, wadda ba a maye gurbinta ba sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwa a Janairun 2023, an riƙa ajiye mutanen da ba su yi laifin komai ba a gidajen yari shekara da shekaru, kamar yadda ƙungiyar Amnesty ta bayyana a rahotonta na 2008. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gidan gyaran tarbiyya a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, wasu kuma suka ce a cikin gidan aka yi lalata da su. Duk inda aka ba wani ikon kulle mutum bisa zato, marar galihu ne ke fara shiga, kuma Bahaushen Sudan, wanda sau da yawa sai ya yi dogon bayani kafin a yarda shi ɗan ƙasa ne, ya fi kowa sanin wannan.

Akwai kuma abin da ma'aunin ba zai taɓa kamawa ba. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a Oktoban 2024 cewa dakarun RSF sun aikata fyaɗe mai yawan gaske a yankunan da suka riƙe. Irin wannan ɓarna ta masu bindiga maganinta shari'a ce da hukunta kwamandoji, ba gwajin likita ba. A lokacin zaman lafiya kuwa, alƙaluman ma'aikatar shari'ar Amurka na 2000 sun nuna kashi 93 cikin 100 na yaran da aka yi wa lalata sun san wanda ya yi musu, ko dangi ko na kusa da gida. Yawancin irin waɗannan ba su taɓa shiga kurkuku ba, balle a auna su ranar fita.

Ina mafita?

Na farko, a gyara shari'ar farko kafin a yi zancen ta biyu. Dokar da ta tanadi shekara 20 ko kisa ba ta rasa ƙarfi ba, abin da ake rasawa shi ne ƙara da hujja. Sashen 'yan sanda na kare iyali da yara, wanda aka fara a Khartum a 2007, shi ya fi cancantar kuɗi da ma'aikata, musamman mata da masu jin Hausa, Tigrinya da Amharik a jiha irin Gadarif.

Na biyu, a gina rajista, kuma hukumomin ɓangarorin iyaka su riƙa musayar sunayen waɗanda kotu ta tabbatar wa laifi. Binciken da muka kawo ya nuna abin da aka rubuta aka ajiye ya fi karatun fuska amfani.

Na uku, idan har wata rana aka ce lallai sai an yi dokar tsarewa bayan wa'adi, to kotu ce za ta naɗa ƙwararru ta biya su, ba masu ƙara ko masu kariya ba. Su zama aƙalla biyu, kowa ya yi awonsa bai ga na ɗan'uwansa ba, idan suka saɓa da tazara mai yawa a ajiye makin gefe. A gwada ma'aunin a kan mutanenmu da harshenmu tukuna, a faɗa wa alƙali iyakar kuskurensa, a sa wa'adin sake dubawa duk shekara, kuma nauyin kawo hujja ya zauna kan gwamnati.

Na huɗu ya rataya a wuyanmu 'yan kasuwa da masu unguwanni. Al'adar nan ta a rufa asiri, a karɓi 'yan kuɗi a yi sulhu, ko a kori mutum daga kasuwa ya koma ta gaba, ita ce ke ba mugu damar maimaitawa, domin wanda aka kora ba a rubuta ba, 'ya'yan wasu aka tura wa. Idan abu ya faru, a garzaya da yaro asibiti cikin awa 72, lokacin da maganin rigakafin cutar ƙanjamau ke aiki kuma likita zai iya rubuta shaida, sannan a kai ƙara, shugabannin kasuwa su tsaya wa iyayen har kotu. Mai sayen riɗi ba ya biyan kuɗin kantari sai ya ga an ɗora buhu a sikelin da ya yarda da shi. 'Yancin mutum da mutuncin yaro sun fi buhun riɗi, bai kamata a yanke hukunci a kansu da awon da ke sauyawa gwargwadon wanda ya biya mai awo ba. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa.